Alkakin Sallah ba tare da ya yi tauri ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Tunda Sallah ta ƙarato, ga shawarata ga masu son yin alkaki a gida, musamman waɗanda nasu ke wargajewa a cikin mai ko ya fito da tauri.

Tun daga wajen inji ake gyara alkaki. In kin sayo alkama a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ki tsince ta, ki wanke, ki shanya ta bushe sosai, sannan ki gaya wa mai inji ɓarzawa kike so. Gari mai laushi ba ya ba da garas-garas ɗin nan. Ki murje ɓarzajjiyar alkamar da ɗan mai, ki kwaɓa da nono mai tsami da ruwa kaɗan, kwaɓin ya yi ƙarfi, ki rufe ya kwana. Da safe ki sa ɗan ruwan kanwa ya kashe tsamin, sai ki murɗa.

Don Allah a rage wuta wajen suya. Mai in ya yi zafi da yawa, bayan alkakin yake ƙonawa, cikin yana ɗanye.

Ki dafa sukari da ruwan tsamiya har ya yi danƙo. Tsamiyar ce ke hana shi daskarewa. Ki tsoma alkakin da zafinsa, ki tsame nan take. Ni nakan ware wani ban tsoma ba saboda iyayenmu masu ciwon suga, domin ko zuma aka sa maimakon sukari, ita ma tana ɗaga suga. Ki bari ya huce sarai kafin ki rufe a roba.