Kafin ku ɗauki muryar ganin likita ta intanet

Salamu alaikum 'yan'uwa. Aikina rubuta hirar likita da majiyyaci, kuma fanka ta fi janareto ba ni wahala. Iskarta na bugun makirfo, sai ka rasa miligiram talatin aka ce ko tamanin. Don Allah a kashe ta, zafin minti 20 ba ya kisa.

A sa abin kunne mai makirfo, kada ya riƙa gogar riga. Ɗaki mai labule da katifa ya fi falo mai tayil, can murya ke amsa-kuwwa. Manhajar kiran bidiyo ta Zoom na da saitin ɗaukar muryar kowa daban, ku kunna shi.

A fara neman izinin majiyyaci. Likita kuma ya maimaita sunan magani a hankali, sau biyu.