Yadda za ka gwada masu magani a World of Warcraft ba tare da mita ta ruɗe ka ba

Ƴan uwa masu buga hila, wato mai yi wa ƴan ƙungiya magani a wasan World of Warcraft, gardamar wa ya fi wani tsakanin Druid da Priest da Shaman ta daɗe, kuma duk lokacin da aka tada ta sai wani ya turo hoton mita, wato abin da ke ƙirga warkarwar da kowa ya yi, wai ga lambar warkarwarsa ta fi ta kowa. To mita ba ta faɗin komai, ga yadda ya kamata a auna.

Da farko ka daidaita fili. Kurkuku ɗaya, matakin wahala ɗaya, kayan jiki kusan daidai, kuma tanki ɗaya (wato wanda ke tare bugu a gaba) in da hali, don tanki mai ganganci shi kaɗai zai iya sa hila ya tara lamba mai yawa alhali ba ƙwarewa ba ce, gyaran ɓarna ne kawai. Bayan wasa ka ɗora faɗan a shafin Warcraft Logs mai ajiye bayanan faɗa ka duba warkarwar da ta zube a banza kan wanda jininsa ya riga ya cika, sannan ka duba "mana" (ƙarfin da ake kashewa wajen yin magani) nawa ya rage lokacin da bos, wato babban dodon, ya faɗi, da kuma wa ya mutu kuma me ya kashe shi.

Abin da ya sa na dage kan wannan shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba. Restoration Druid yana shafa Rejuvenation da Lifebloom tun kafin bugu ya zo, maganin na ta aiki a hankali ko da yana gudu, shi ya sa nasa ke yawan zubewa. Discipline Priest garkuwa yake sawa, sannan ta Atonement bugun da yake wa bos ne ke warkar da mutane, in bai san lokacin da babban hari zai sauka ba an gama da shi. Shaman kuwa sai jama'a sun taru wuri guda Healing Rain da Spirit Link Totem suke nuna kansu, kuma maganinsa ya fi ƙarfi kan wanda jininsa ya yi ƙasa sosai, in ƙungiya ta iya kauce wa wuta sai ka ga lambarsa ta zama ƙarama ba laifinsa ba. Evoker da ya shigo da Dragonflight a 2022 hannunsa gajere ne, yadi 30 maimakon 40 na sauran, faɗan da ake watsewa yana ba shi wuya.

Ka lissafa har abin da mita ba ta gani: Rebirth na Druid da ke tada matacce ana cikin faɗa, Bloodlust na Shaman da ke ƙara wa ƙungiya sauri, Pain Suppression na Discipline Priest da ke ceton tanki.

Sai namu na nan Damagaram, rezo. Sabar tana Turai, kai kana Birni ko Zengo da talho a matsayin modam, ka danna magani sai ya ɗan jinkirta kafin ya fita, wallahi wannan ɗan jinkirin ya isa tanki ya kwanta. A ganina mai irin wannan rezo ya fara da Druid, don abin da ka shafa yana ci gaba da aiki ko hoto ya tsaya cak, Discipline kuma ka bar shi sai dare ya yi nisa layi ya saki.

In ku biyu ne ko uku a babban faɗa kar ku ɗauko iri ɗaya, ku haɗa mai riga-kafi da mai cike jini da sauri, ku raba manyan magungunanku tun kafin a shiga, wane a hari na farko wane a na biyu. Blizzard, kamfanin da ya yi wasan, na taɓa lambobin nan kusan kowane faci (sabon gyaran wasa), don haka in sabo ya fito ku sake gwajin.