Darasi na 9: Abin da ke cikin sim da tsofaffin manhajojin bincikensa

Ku ciro sim daga waya, ku dubi ɓangaren da ke da ƙarfe mai ruwan zinariya. A ƙarƙashinsa akwai ƴar ƙaramar kwamfuta mai riƙe da lambobi uku da ya kamata ku sani.

Ta farko an buga ta a jikin katin, alƙaluma 19 ko 20, tana farawa da 89, sunanta ICCID. Ta biyu IMSI ce, alƙaluma 15, tana ciki, ba a gani da ido. Sim ɗin Nijar, na Airtel ne ko Moov ko Zamani, IMSI ɗinsa da 614 yake farawa, wanda kuwa aka sayo a Jibiya ko Katsina da 621. Ta uku ita ce Ki, makullin sirri da sim da kamfanin layi kaɗai suka sani. Sim ba ya faɗin Ki ko an tambaye shi. Kamfani ne ke aiko masa da wata lamba, ya sarrafa ta da Ki, ya mayar da amsa. In ta yi daidai a buɗe masa layi.

A 1998 masu bincike uku a Amurka, Marc Briceno da Ian Goldberg da David Wagner, suka gano rauni a wannan lissafi, wanda ake kira COMP128. In aka yi wa sim tambayoyi wajen 150,000 da aka tsara da gangan, amsoshin suna tona Ki kaɗan-kaɗan, cikin awa takwas ko kusa da haka. Daga baya manhajoji irin su SimScan da Woron Scan suka fito. Ana ɗora su a tsohuwar kwamfuta mai Windows, a haɗa ta da na'urar karanta kati samfurin Phoenix, a saka sim a ciki a bar shi yana ta amsawa. Wanda ya sami IMSI da Ki yana iya zuba su a wani kati, layi ɗaya ya zama biyu.

Wannan zamani ya wuce, kuma a nan ne muke so ku tsaya ku fahimta. Kamfanoni sun bar COMP128 na farko, sun koma na biyu da na uku, sim na 3G da 4G kuma galibi yana aiki da wani lissafi mai suna Milenage. Tsofaffin manhajojin ba sa iya fasa ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fi muni, katuna da yawa suna ƙidaya tambayoyin da aka yi musu, in adadin ya cika sai su daina amsawa har abada. Don haka in wani a Babbar Kasuwa ya ce ku kawo jika biyu ya kwafe muku layi, kuɗin za su tafi, wataƙila katin ma ya mutu. Masu gyaran waya kuma su yi hattara da sauko da waɗannan manhajoji daga intanet, don ana yawan cusa musu ƙwayar cutar kwamfuta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: ko a wancan lokaci, manhajar ba ta iya yi wa sim tambaya sai an buɗe PIN. Shi ya sa muke nacewa a kansa.

PIN alƙaluma 4 zuwa 8 ne. Ku shiga saitin waya, sashen tsaro, ku kunna kulle sim da lambar da katin ya zo da ita. Sannan ku sauya ta: ku danna tauraro (*) sau biyu, 04, tauraro, tsohon PIN, tauraro, sabon PIN, tauraro, sabon PIN kuma, ku rufe da #. In wayarku ba ta karɓa ba, ku sauya ta cikin saitin. Kada ku zaɓi 0000 ko shekarar haihuwa.

In aka yi kuskuren PIN sau 3, sim ya kulle, sai da PUK. Wannan alƙaluma 8 ne, yana jikin babban katin roba da aka ɓallo sim daga ciki. Kada ku yi canke: kuskuren PUK sau 10 yana kashe sim, babu mai gyara da zai tashe shi. In robar ta ɓata, ku je ofishin kamfanin da katin shaidar ɗan ƙasa wanda aka yi rajistar layin da shi.

Ɓarawon yau ba ya wahala da Ki. Kiranku zai yi, ya ce daga kamfani yake, ya nemi lambar da ta shigo muku ta saƙo, ko ya je ya karɓi sabon sim da sunanku. In layinku ya ɗauke alhali na maƙwabta yana aiki, ku kashe waya ku kunna. In bai dawo ba ku tafi ofishin kamfani a ranar, musamman in kuna ajiye kuɗi a layin.

Aikin gida: ku kwafe ICCID da PUK a littafinku da alƙalami, ku sa wani na gida ya karanta muku su da ƙarfi kuna dubawa, sannan ku ajiye littafin daban da waya.