Yadda za ki ba yaronki zinki idan zawo ya kama shi

A nan Tawa yawancin uwaye sun san ruwan gishiri da sukari, SRO: fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A wajen ƙwayar zinki da ake haɗowa da shi ne ake tuntuɓe.

Yaron da ya kai wata 6 ana ba shi ƙwaya ɗaya, miligiram 20, sau ɗaya a rana. Wanda bai kai ba, rabi. Ki sa ta a cokali, ki ɗiga ruwa ko nononki, nan take ta narke. Ki ba shi bayan ya ci ko ya sha mama, don a cikin da ba komai takan tayar da zuciya. In ya amayar nan da nan, a ɗan jira a sake ba shi.

Kwana 10 zuwa 14 ake yi, haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar tun 2004. Amma da zawo ya tsaya, yaro ya fara wasa a tsakar gida, sai a cusa sauran ƙwayoyin ƙarƙashin katifa wai a ajiye wa ƙanensa. Wannan yana damuna ƙwarai, don aikin maganin bai ko kai rabi ba.

A bayan ƙashin ƙirjin yaro akwai wata 'yar tsoka da ake kira taimus. Ita ce barikin da ake horar da sojojin jini masu suna T, kuma lokacin ƙuruciya ta fi aiki. Sinadarin da take fitarwa, taimulin, ba ya aiki sai zinki ya haɗu da shi. Idan zinki ya yi ƙaranci sai taimus ta motse, sojojin su ragu, kowace cuta ta samu ƙofa. Jiki kuwa ba ya tara zinki, ga zawo yana zubar da ɗan abin da ke akwai. Shi ya sa za ki ga yaro ya warke yau, wata mai zuwa zawo ya dawo ko tari ya sarƙe shi. Wanda aka cika wa kwanakin shan zinki yakan samu kariya ta wata 2 zuwa 3. Don lissafin kwanakin, ki ja layi da gawayi a jikin bango kullum bayan sallar asuba, sai layi ya kai 10 aƙalla.

Maganar kuɗi: tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƙasa da shekara 5 kyauta ce a likitar gwamnati. In babu ƙwayar a CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, ki saya a farmasi, ban da ta 'yan tebur da rana ta dafa.

Sai abinci. Hatsi da dawa suna da wani sinadari da ke riƙe zinki ya hana hanji tsotsarsa. Ki jiƙa su kwana, ki bar gasara ta yi tsami, hakan ke rage sinadarin. Kunun kuma kada ya tafi tsurarsa: garin gujiya, wake, ƙwai, ɗan hanta ko nama ranar kasuwa.

In kin ga jini a kashi, ko ya ƙi mama, ko idanunsa sun faɗa ya yi laushi, ki goya shi zuwa likita a ranar.