Yadda Ake Gano Ɓarakar Dabarun Yaƙi a Finafinan Kimiyya

Kallon farko ka bar shi don jin daɗi. A karo na biyu ne za ka ɗauki biro da takarda, ka raba shafi gida biyu, kowane ɓangaren masu faɗa da nasa gefen. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta abin da yake da shi na makami da jirage, abin da yake nema, da abin da ya sani a daidai lokacin da aka fara gwabzawa. Na ukun nan ne masu sukar fim suka fi mantawa, sai su riƙa zargin jarumi da rashin aiki da labarin da mai kallo kaɗai ya sani.

Kowane fim da dokar da ya kafa wa kansa ake yi masa hukunci. Idan an ce jirgi yana wuce gudun haske, ka karɓa, ba nan matsalar take ba. Ɓarakar tana inda aka nuna wani ƙarfi sau ɗaya, sannan kowa ya yi kamar babu shi. A The Last Jedi na 2017, ɗaya daga jerin finafinan Star Wars, wata kwamandar 'yan tawaye mai suna Holdo ta juya jirginta, ta sa shi a gudun wuce haske, ta ratsa ƙaton jirgin abokan gaba ya tsage biyu. Hoton ya yi kyau, babu musu. To amma ka koma Star Wars na 1977, inda 'yan tawaye suka aika ƙananan jirage 30 su harba makami cikin wata kafa mai faɗin mita 2 a jikin Death Star, ƙatuwar tashar yaƙin abokan gaba a sararin samaniya, yawancin matuƙan kuma ba su dawo ba. Me ya hana su ɗauko tsohon jirgi ɗaya, su ɗora mutum-mutumi a kujerar tuƙi, su auna shi a can? Sai da fim ɗin da ya biyo baya, The Rise of Skywalker na 2019, ya sa wani jarumi ya ce dabarar Holdo dace ce ta ɗaya cikin miliyan. Duk inda ka ga fim na gaba yana ɗinkin na baya da jimla ɗaya, to marubutan ma sun ga yagewar.

Daga nan ka auna burin maharan da shirin da suka zo da shi. Baƙin halittun Signs na 2002 ruwa na ƙona musu fata, amma suka sauko tsirara, babu rigar kariya, a duniyar da ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na samanta. Wanda ya iya ƙera jirgin ratsa taurari ai ba zai kasa hango teku daga sama ba.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne ɗaukar wautar ɗan wasa a matsayin giɓin labari. A Aliens na 1986, Laftanar Gorman ya ba da umarni a karɓe harsasan sojojinsa suna tsakiyar maɓoyar dodanni, abin da ya jawo aka yi musu kaca-kaca. Wannan ba ɓaraka ba ce. Fim ɗin ya riga ya nuna Gorman sabon shiga ne, kuma Ripley, jarumar fim ɗin, ta yi gargaɗin cewa harbi a wurin zai iya fasa na'urar sanyaya tashar da suke ciki, komai ya tarwatse. Saboda haka kafin ka yanke hukunci, ka mayar da fim baya kamar minti 10 kafin faɗan, ka buɗe rubutun ƙasan allo, ka bi maganganun a hankali. Sau da yawa bayanin yana cikin magana ɗaya da ƙarar kiɗa ta danne.

Tambayar da ta fi ƙarfi a Aliens ita ce ta uwar jirginsu, Sulaco. Rundunar ta sauka gaba ɗaya, ba a bar ko mutum ɗaya a sama ba. Da jirgin saukarsu na farko ya faɗi, sai da Bishop, mutum-mutumin da ke tare da su, ya ja ciki ta cikin wani ƙunƙuntaccen bututu har zuwa eriya, ya kira na biyun daga nesa. Matuƙi ɗaya da aka bari a kan aiki da ya ɗebe su tun kafin dare ya yi. Ka duba takardarka a gefen abin da suke da shi: jirgin sauka na biyu yana nan, matuƙa biyu suna nan, kuma ba a faɗi dalilin barin Sulaco wayam ba.