Auna tsawon sukuru kafin ka ɗaura mazaunin madubin saiti a kan bindiga

Maharbi zai sayi madubin saiti mai tsada, ya ɗaura, ya fita bayan gari gwaji: harbin farko ya faɗa dama, na biyu hagu, na uku ko takardar bai taɓa ba. Sai a ɗora wa madubi laifi. Sau da yawa kuwa madubin lafiyarsa lau, sukuru ɗaya ne a cikin huɗun da ke riƙe mazauninsa ya fi raminsa tsawo da abin da bai kai milimita guda ba.

Maganar ta bindigar farauta ce mai sakata, wadda mai ita ke da takardar izini. Kafin komai cire gidan harsashi, buɗe sakata, duba da ido, ka sa yatsa ka tabbatar babu komai a gindin bututu, inda harsashi ke zama. Sannan zare sakatar gaba ɗaya ka ajiye a gefe.

A saman gidan sakata galibi akwai rami huɗu, biyu gaba biyu baya, kuma ba zurfinsu ɗaya ba. A bindigogi irin Remington 700, ramin da ya fi kusa da bututu yana saman zaren da ya haɗa bututun da gidan, wato yana da ƙasa. Idan sukuru ya yi tsawo, bakinsa zai tokare kan bututun tun kansa bai danne mazaunin ba. Hannu zai ji ya ɗauru tam, alhali mazaunin na lilo a ƙarƙashinsa. Wannan ya fi kowanne yaudara, domin ido ba ya ganinsa. Sauran ramukan sun ɓulle ciki. Na biyu yana saitin inda kunnen sakata ke juyawa ya kulle, na baya kuma kan hanyar da take zamewa. Nan dogon sukuru zai leƙo ya karce sakata, ko ya hana ta rufewa ƙurmus.

Share ramukan tukuna. Ƙurar hunturu ta Damagaram idan ta gamu da tsohon mai sai ta zama laka a gindin rami, ta rage masa zurfi, awonka ya zama ƙarya. Tsinken sakace, ɗan auduga da alkol na farmasi sun isa. Goge sukurorin su ma. Samu takarda ka zana da'ira huɗu da lamba 1 zuwa 4, ka ɗora kowane sukuru a gurbinsa, saboda kamfani kan haɗo gajeru da dogaye a leda ɗaya, kuma da ido kusan duk ɗaya suke.

Awon da ba ya buƙatar wani kayan aiki shi ne ƙirgen juyi. Ba tare da mazauni ba, sa sukuru a ramin farko, juya shi baya a hankali har ka ji ɗan "ƙas", alamar zare ya hau zare. Daga nan juya gaba da yatsu kana ƙirgawa har ya tsaya. A ce ka samu juyi 5. Cire shi, ɗora mazaunin, ka sake ƙirgawa. In ya tsaya a 4, kansa ne ya danne mazauni, akwai sarari a ƙasa, ya yi daidai. In ya sake kaiwa 5, ƙasan rami ya taɓa. Ana son ratar ta kai rabin juyi zuwa juyi guda. Kada kuma a wuce gona da iri: sukurun da bai kama zare 3 zuwa 4 ba zai kwashe zaren ramin ranar da aka matse shi.

Bayan ƙirge sai gwajin ɗaya-ɗaya. Ɗaure mazaunin da sukuru guda kawai, ka kama shi ka girgiza gefe da gefe. Ya motsa? Sukurun ya yi tsawo. Bai motsa ba, mayar da sakata, buɗe, rufe, ja baya sau uku ko huɗu. Ka ji nauyin da ba ka saba ji ba, tsaya nan, kar ka buga hannun sakata da ƙarfi. Zare ta, haska tocila ciki, shafa rufin da ɗan yatsa. Kwance wannan sukurun, ka gwada na gaba shi kaɗai. Masu gaggawa kan ɗaure huɗun lokaci guda, sai masu kyau uku su rufa wa mara kyau asiri. In kana shakka, shafa wa bakin sukurun baƙar tawadar maka, alƙalamin nan mai kauri. Inda ya goge, nan ya taɓa ƙarfe.

Rage tsawo aikin magagari ne mai laushin haƙori. Yawancin bindigogin Amurka suna da zaren 6-48, kaurin kusan milimita 3.5, zare 48 a inci guda, wato kowane juyi milimita 0.53 ne. Wasu suna da 8-40, mai kaurin kusan 4.2 da juyin 0.64. Ka ga abin da za a cire ɗan kaɗan ne, shafa biyar ko shida sannan a sake gwadawa. Riƙe kan sukurun cikin ƙyallen fata don kada filaya ta tauna shi, goga bakin a miƙe, sannan ka ɗan zagaye gefensa don zaren farko ya shiga ba gardama. Injin wasa wuƙa yana ci da sauri, yana kuma ƙona ƙarfen ya yi laushi. Gara a bar shi.

In sukuru ya ɓata, kada a je Kasuwar Dole ta Damagaram a ɗauko mai kama da shi. Na kasuwa na awon milimita ne. M3.5 yana kama da 6-48 ƙwarai, amma tazarar zarensa 0.6 ce, M4 kuma 0.7. Zai shiga juyi ɗaya ko biyu kamar gaske, daga nan ya fara yanka sabuwar hanya a jikin bindigar. Gyaran wannan sai an faɗaɗa ramin an yanka sabon zare.

Idan huɗun sun wuce gwaji, ɗiga wa zaren kowanne ɗigo ɗaya na Loctite, maganin da ke hana sukuru kwancewa, shuɗi mai lamba 242 ko 243. Jan Loctite ba ya kwantuwa sai da wuta. A zaren sukurun ake sa shi, ba a cikin rami ba, don kada ya tsiyaya kan sakata ko zaren bututu. Sa su duka sako-sako, sannan a matse bi da bi. Ga 6-48 kamfanoni da yawa na ba da ƙarfin matsi na kimanin inci-fam 15 zuwa 20, wajen 1.7 zuwa 2.3 a awon Nm, amma abin da ke takardar mazauninka shi ne gaba. Mara ma'aunin matsi ya riƙe maɓuɗin Allen ta gajeren hannunsa da yatsu uku. Sake gwada sakata sau ɗaya bayan matsewar ƙarshe, domin sukuru kan ƙara nutsewa kaɗan. A bar bindigar a inuwa awa 24 maganin ya kama kafin a ɗora zobban da ke riƙe madubi da shi madubin.