Kwana uku a Munich: yadda ake haɗa yawon gari, kallon ƙwallo da zaman giya

Wanda zai yi gajeriyar tafiya zuwa wani birnin Turai don ya ga gari kuma ya kalli wasa, ranar wasan ita ce ginshiƙin shirinsa. Jirgi da otal a bayanta suke zuwa. Munich, babban birnin jihar Bavariya a kudancin Jamus, ta dace da irin wannan tafiya, domin filin wasa da tsohon gari da gidajen giya duk jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne ke haɗa su.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen tikitin jirgi da zarar jadawalin kaka ya fito. Jadawalin farko na Bundesliga, babbar gasar ƙwallon Jamus, makon wasa kawai yake nunawa. Takamaiman rana da lokaci sai saura 'yan makonni ake tsayarwa, saboda tashoshin talabijin da wasannin Zakarun Turai na tsakiyar mako. Wasan da ka ɗauka na Asabar ƙarfe 3:30 ne yana iya komawa Juma'a ƙarfe 8:30 na dare, ko Lahadi da yamma. Maganin abin shi ne ka sauka Juma'a da rana, ka tashi Litinin da safe. Kakar kuma daga Agusta take zuwa Mayu, da hutun hunturu daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu.

Allianz Arena, gidan Bayern tun 2005, yana ɗaukar mutum 75,000, amma kusan kullum cike yake, kuma 'yan ƙungiya masu katin mamba ake fara bai wa tikiti. Ka nema a shafin kulob ɗin kansa da wuri, kuma ka fi sa rai da wasa da ƙaramar ƙungiya, ba da Dortmund ba. Tikitin 'yan bayan fage tsadarsa ninki ce, kulob kuma yana iya soke shi, sai ka je ƙofa na'ura ta ƙi karɓa. In Bayern ta gagara, garin Augsburg, mai tasa ƙungiyar ƙwallon, bai kai tafiyar awa guda a jirgin ƙasa ba.

Mai buƙatar biza, ta Shengen zai nema. Kuɗinta Yuro 90 ne ga baligi, sai inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani har Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin komawa. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka kada a bari sai ƙurarren lokaci. Bizar ba ta shiga Ingila.

Masauki kusa da babbar tasha, Hauptbahnhof, ko a kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 mai zuwa filin wasa ya fi sauƙi. Daga filin jirgin sama, jirgin ƙasa na layin S1 ko S8 na kai mutum tsakiyar gari cikin kusan minti 40. Tashoshin ba su da shinge, abin da ke sa baƙo ya ɗauka ba mai dubawa. Akwai su, cikin farin kaya, kuma tarar Yuro 60 ce. Tikitin takarda da ba a buga masa lokaci ba sai ka cusa shi a ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali kafin ka shiga.

Yawon gari a bar shi da ƙafa. A dandalin Marienplatz gumakan agogon ginin majalisar birni suna rawa ƙarfe 11 da 12 na rana. Kusa da nan akwai hasumiyar cocin Alter Peter mai matakala wajen 300. In gari ya yi wasai har tsaunukan Alps ana hangowa. Daga nan sai kasuwar Viktualienmarkt da lambun Englischer Garten. Sayayya kuwa a gama ta ranar Asabar, don shaguna a rufe suke Lahadi. Lahadin ta gidajen tarihi ce, inda shiga Alte Pinakothek ke komawa Yuro 1. Mai sauran rabin yini yana iya hawa S2 zuwa Dachau, inda sansanin tsare mutane da 'yan Nazi suka buɗe a 1933 yake. Ba wurin da za a haɗa da ranar wasa ba ne.

Ranar wasa ka hau U6 zuwa Fröttmaning saura awa biyu a take leda, domin daga tashar akwai tafiyar ƙafa ta kusan minti 15, ga layin bincike. Jakar da ta wuce girman takardar A4 ba ta shiga. Kada ka sa rigar baƙi ka zauna cikin masu gida, musamman a bayan raga ta kudu.

Batun giya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus ana shiga da ita har kujera cikin kofin roba, sau da yawa da ɗan kuɗin ajiya da ake mayar maka in ka dawo da kofin. A Ingila tun 1985 doka ta hana sha a inda ake ganin fili, a Sifaniya kuma marar barasa kaɗai ake sayarwa a filayen wasa. A gidajen giyar Munich, irin su Hofbräuhaus mai asali tun 1589, babban kofin da ake kira Maß lita guda ne cur, na giya mai ƙarfin kusan kashi 5 cikin ɗari. Biyu kafin wasa sun isa su sa masu gadi su mayar da mutum daga ƙofa, tikiti ya tafi a banza. Rabin lita sunansa Halbe. Teburi na kowa ne, sai wanda aka rubuta wa Stammtisch, na 'yan gida ne na yau da kullum.

Wanda ba ya sha bai rasa wurin zama ba, sai dai ya san sunaye. Radler ba lemo ba ne zalla, rabinsa giya ce. Abin da aka rubuta wa alkoholfrei yana iya ɗaukar barasa har kashi 0.5, sai mai alamar 0,0 ne babu. Spezi, haɗin kola da lemon zaƙi, da Apfelschorle, ruwan tufa mai gas, su ne zaɓin da babu shakka. Abincin Bavariya kuma naman alade ya yi masa yawa, har farin tsiran nan Weißwurst. Gasasshiyar kaza, Hendl, ko kifin da ake gasawa a tsinke, Steckerlfisch, su ake tambaya.

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba lokacin bikin giya na Oktoberfest ne. Kuɗin otal yana tashi sosai, giyar bikin kuma ta fi ta kullum ƙarfi, wajen kashi 6. In ba bikin ya kawo ka ba, Afrilu ko Mayu sun fi: lambunan giya sun buɗe, rana ta yi tsawo, gasar kuma tana dab da ƙarewa.